Batirin sabuwar motarmu mai caji yana faɗuwa, dila sai cewa yake a jira, ya za mu yi da garanti?

Ɗan Taura ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, dan Allah masu sanin harkar motocin lantarki ku taimaka mana da shawara don abin ya tsaya mana a rai. Yayana ne ya sayi ƙaramar mota mai caji sabuwa dal a hannun wani dila a Kano. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin fetur ya bi ya hana mu sakat, shi kuma dama yana da sola mai ƙarfi a wajen injin casar shinkafarsa a nan ƙauyenmu kusa da Taura, sai ya ga ranar da ba aiki ga wuta nan tana tafiya a banza gara a zuba ta a mota. Yawanci ni nake tuƙa ta, ni nake kai shi Kano, ni nake kai tsohuwarmu asibiti in jikinta ya motsa. Da farko wlh sai hamdala, in na cika ta sai in je Kano in dawo da ragowar caji.

To yanzu ko shekara ba ta cika ba ta canza hali. Allon gaban direba zai nuna maka saura kashi 45, kana tafiya a miƙaƙƙen titi ba hawa ba gudu, ƙiftawar ido sai ka ga ya koma 12 ko ma ƙasa da haka, sai wani ɗan hoton kunkuru mai ruwan ɗorawa ya fito a allon, ka taka totur har ƙasa amma mota sai rarrafe. Na baya-bayan nan tsakanin Zakirai da Ringim ta yi min haka da tsakar rana ga tsohuwa a baya tana ta fifita da mayafi, sai da wani mai a-kori-kura ya ɗaura mana igiya ya ja mu. Wajen caji ma haka, in ta kai tamanin da wani abu sai ta yi tsalle ta nuna 100.

Ranar da za a saya dila da bakinsa ya ce batir yana da garantin shekara 8. Mun kai musu, suka sa mata kwamfuta suka goge alamar suka ce matsalar manhaja ce mu tafi, ko sati ba a yi ba ta dawo. Da muka koma sai aka ce an rubuta wa kamfani a China mu jira, in ka kira yau a ce gobe, in ka kira gobe a ce oga ya yi tafiya. A gefe guda akwai wani rewaya a nan kusa da mu da yake gyara batiran inbata na litiyam, ya ce a kawo ya buɗe ya cire ƙwayoyin da suka mutu ya sa wasu, kuma na ga Yaya ya fara karkata can don ya gaji. Abin da nake son sani, haka batirin motocin nan yake saurin mutuwa a zafinmu ko tamu ce ta zo da cuta? Garantin nan sabon batir ake ba mutum ko gyara ake yi? Kuma mu bari rewayan ya buɗe?

Direban layin Gumel:

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah Ya ba Mama lafiya. Ni ba mai caji nake ja ba amma akwai maƙocinmu da ke da ita kuma na ga abin da ya same shi. Kafin ku tayar da hankalinku a kan babban batir ku duba ƙaramin tukuna, mutane da yawa ba su san motar lantarki ma tana da ƙaramin batir mai volt 12 irin na motocinmu ba, shi yake kunna allo da fitilu da kwamfutar motar, in ya yi sanyi sai ta riƙa nuna alamomi barkatai ko ta ƙi tashi gaba ɗaya alhali babban cike yake. Shi maƙocin namu har ya fara neman mai saye a kan asara, ashe ɗan ƙaramin ne, aka canza shi shikenan. Ko Hyundai da Kia a 2024 sun kira motocinsu irin su Ioniq 5 da EV6 a dawo da su saboda na'urar da take yi wa ƙaramin batirin caji tana lalacewa mota ta rasa ƙarfi a kan hanya. Kowane mai cajin batir a tasha zai gwada muku shi a tsaye. In shi ne kun huta.

Mai Sola Haɗeja:

Direba maganarka gaskiya ce kuma a gwada ɗin, ba ya cin komai. Amma yadda ƙanena ya kwatanta abin, faɗuwa daga 45 zuwa 12 lokaci guda da tsalle daga tamanin zuwa 100 wajen caji, kuma kullum a kusan kaso ɗaya na caji yake faruwa, wannan ya fi kama da ƙwaya ɗaya ko rukuni ɗaya a cikin babban batir da ya yi rauni.

Ɗan Taura, bari in yi maka bayani yadda za ka iya maimaita wa Yaya. Batirin motar ba abu ɗaya ba ne, ƙwayoyi ne da yawa aka jera aka haɗa bi da bi, kowace ba ta wuce volt uku da ɗoriya ba, in mai haɗin sinadarin da ake kira LFP ce 3.2, in mai haɗin da ake kira NMC ce wajen 3.7, a haɗa su har su kai kusan volt 400 a yawancin motoci. Akwai kwamfuta a ciki ana ce mata BMS, aikinta ta sa ido a kan kowace ƙwaya. Kamar shanun huɗa ne a garma ɗaya, in sa ɗaya ya durƙusa dole aiki ya tsaya ko da ɗayan bai ko yi gumi ba. Ƙwaya mai rauni ita take riga sauran ƙarewa, da ta kai ƙasa BMS za ta rage wa mota ƙarfi don kar ta lalace ko ta yi zafi, shi ne kunkurun da kake gani. Wajen caji kuma ita take riga cika, sai a tsayar da caji a ce an cika alhali sauran da saura.

Wannan ba tsufa ba ne, kuma nan ne nake so ka riƙe da kyau don shi ne hujjarku. Tsufan batir a hankali yake zuwa, binciken da kamfanin Geotab ya yi a kan dubban motoci ya nuna wajen kashi 2 cikin 100 ne yake raguwa a shekara. Zafi yana ƙara masa sauri, ba musu, an ga haka a 2012 a jihar Arizona ta Amurka inda masu Nissan Leaf na farko suka yi ta kuka don batirinta ba shi da ruwan sanyaya, har daga baya Nissan ta ƙara garanti a kan raguwar ƙarfin batir. Mu ma nan a watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40. Amma ko zafin ne, abin da za ka gani shi ne tafiyar da take yi da caji ɗaya tana raguwa kaɗan-kaɗan, ba allo ya riƙa tsalle cikin shekarar farko ba. Batirin da ya gaza yana sabo, galibi daga masana'anta ya taho da aibinsa. Kuma ba ƙananan kamfanoni kaɗai abin yake samu ba. A 2021 GM mai ƙera motoci a Amurka ta kira duk Chevrolet Bolt da ta ƙera tun daga samfurin 2017, sama da mota dubu 140, saboda aibi biyu a cikin ƙwayoyin da LG mai ƙera musu batir ta yi, wani ɗan kunne da ya yage da kuma takardar da ke raba tsakanin ɓangarorin ƙwayar da ta naɗe, in suka haɗu a ƙwaya ɗaya sai gobara, har aka ce wa masu motar su ajiye ta a waje kar su cika ta fiye da kashi 90, kuma LG ta yarda ta biya har dala biliyan 1.9. A shekarar dai Hyundai ta kira motoci wajen dubu 82 don a canza musu batir, yawancinsu Kona. Kyauta aka canza wa mutane, don laifin ba nasu ba ne.

Maganar rewaya kuwa, dan girman Allah a'a. Ni ma sana'ata kenan, ina buɗe batirin inbata kullum, amma wancan volt 48 ne, wannan kuwa ɗaruruwa ne, duk wayar da ka gani mai ruwan lemo a ƙarƙashin motar taɓa ta ba tare da kayan aiki da horo ba yana iya zama ajali nan take. Na biyu, akwatin batirin a like yake don kar ruwa da ƙura su shiga, akwai hatimi a kan kusoshinsa, ranar da aka fasa shi ranar garanti ya mutu, kun ba dila abin da yake nema kenan. Na uku ko ya canza ƙwayar, sabuwa ba za ta yi daidai da sauran ba kuma kwamfutar ba lallai ta karɓa ba. Sannan kar a sake jan ta da igiya tayoyinta a ƙasa, in tayoyin da injin yake juyawa suna gudu injin yana haifar da wuta yana tura ta baya, a ɗora ta a kan mota a ɗauko.

Maman Yara Dutse:

Slm. Ɗana, Injiniya Mai Sola ya gama maka bayanin ƙarfe, ni bari in yi maka na takarda don ni 'yar kasuwa ce, na jima ina sarin kayan wuta kuma na san inda ake kayar da mutane. Ka ce dila da bakinsa ya ce shekara 8. To bakin nan a rubuce yake? Je ka ɗauko jakar takardun motar yau ɗin nan ka zazzage ta a kan tabarma ka nemi abu uku: rasit mai lambar shasi, littafin garanti, da sunan wanda ya buga hatimi a kai.

Shekara 8 ɗin da ya faɗa ba ƙarya ba ce a asalinta, yawancin manyan kamfanoni haka suke bayarwa, shekara 8 ko kilomita dubu 160, duk wanda ya riga cika, kuma da yawansu suna cewa in ƙarfin batir ya faɗi ƙasa da kashi 70 cikin wannan lokaci za su gyara ko su canza. Amma tambayar ita ce wa zai cika alƙawarin a nan ƙasar. In dilan wakilin kamfanin ne na gaske mai izini, to kamfani ne a bayansa. In kuwa shi ya je ya sayo da kansa ya zubo a kwantena, to sau da yawa garantin motar da aka yi don kasuwar China a can cikin China kaɗai yake aiki. Akwai ma dabarar da ake yi, a yi wa sabuwar mota rajista a can sannan a fito da ita da sunan ta hannu alhali ko tafiya ba ta yi ba, kai ka ganta da leda a kujera ka ce sabuwa ce, amma a takarda kai ne mai ita na biyu kuma lissafin garanti ya fara tun ranar waccan rajistar. In allon motarku da rubutun China ya zo aka juya shi, ko bakin cajinta irin na can ne wato GB/T, to ka binciki wannan sosai.

Ko ma wanne ne, wanda ya karɓi kuɗinku a nan bai fita ba. Akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 da hukumar FCCPC da ke kula da ita, dokar ta ce kaya ya zama mai inganci da zai yi aikin da aka saye shi dominsa, kuma ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi cikin wata uku a gyara ko a canza ko a biya shi, shi ya sa ranar da kuka fara kai ƙorafi take da muhimmanci. Jihar Kano ma tana da tata hukumar kare masu saye, kuma a Kano aka yi cinikin. Ka daina kiran waya. Rubuta takarda, ka sa lambar shasi da ranar saye da kilomitan da ke kan allo da abin da motar take yi, ka yi kwafi biyu su sa hannu a ɗaya ka taho da ita. Duk sanda kunkurun nan ya fito ka tsaya a gefe ka ɗauki bidiyo har da kilomita. Kuma in sun sake sa mata kwamfuta kar ka bari su goge komai sai sun buga maka sakamakon a takarda ko ka ɗauki hoton allonsu, don goge alamar da suka yi na farko ni bai kwanta min ba.

Ɗan Taura:

Na gode Direba, na gode Injiniya, Maman Yara Allah Ya saka da alheri Ya raya zuri'a. An gwada ƙaramin batir ƙalau yake. Na karanta wa Yaya maganar volt 400 ɗin ya yi shiru, ya ce rewaya ba zai taɓa ta ba. Takardu kuma na duba, akwai rasit da lambar shasi, a ƙasansa an rubuta da biro garantin batir shekara 8 da hatimin shagon, amma littafin da ke cikin motar duk rubutun China ne ba inda aka cike sunanmu.

Akwai abubuwan da ban faɗa ba da farko kuma gara in faɗa don ku ba ni shawara a kan gaskiya. Ranar kasuwar Gujungu nakan ɗauki fasinja in zan je, don a samu na cefane. In an kwana biyu ana hadari sola ba ta kawo ba mukan yi mata caji da janaretan injin casa. Sannan da damina na taɓa ratsa ruwa da ita a hanyar shiga gari, ya kai wajen rabin taya. A cikin ukun nan akwai wanda zai sa su ce mu muka jawo?

Mai Sola Haɗeja:

Gara da ka faɗa, don motar ma za ta faɗa, BMS tana ajiye tarihin zafi da caji da duk alamar da ta taɓa fitowa, saboda haka kar ka ɓoye musu komai in sun tambaya.

Janareta bai cika damuna ba. Wutarsa ba kai tsaye take shiga batir ba, sai ta bi ta cajar da ke cikin motar, in wutar tana rawa ko ba a kafa mata waya a ƙasa ba, cajar ce take ƙin karɓa ko ta ƙone, ba ƙwaya ɗaya ce za ta yi rauni ta bar 'yan uwanta ba. Ruwa rabin taya ma in akwatin lafiya yake bai kamata ya shiga ba, kuma in ya shiga alamar da take fitowa daban ce, ta yoyon wuta, su da kansu za su gani a kwamfuta. Amma ka sani kusan kowane garanti yana cire ɓarnar ambaliya, mu da muke yankin da kogin Haɗeja yake tumbatsa, wanda ya ga 2022 ya san abin da nake nufi, wannan aikin inshora ne ba garanti ba. Fasinja ne inda za su iya kamawa, don kamfanoni da yawa suna rage garanti ko su janye shi ga motar haya. Sai dai ku rasit ɗinku bai rubuta wannan sharaɗin ba, kuma ɗaukar mutum huɗu ranar kasuwa ba ya lalata ƙwaya ɗaya. Masu son sayen irinta don haya zalla su ne za su yi lissafi, mai yin kilomita 200 kullum kafin shekara uku ya cinye dubu 160 ɗin.

Abin da za ka nema a wajensu takamaimai, su nuna maka lafiyar batir kashi nawa ce, da kuma volt ɗin ƙwaya mafi sama da mafi ƙasa lokacin da caji ya yi ƙasa. A batir mai lafiya tazarar 'yar mitsitsiya ce, in ɗaya ta yi nisa da sauran to ga mai laifin nan a fili. Zai yiwu su ce ka cika ta 100 ka bar ta a jone ta daidaita kanta, musamman in LFP ce don ita lissafin cajinta yakan ɓata in ba a cika ta lokaci-lokaci, ka yi musu hakan, in bai gyaru ba magana ta ƙare.

Game da sabo ko gyara, kar ka sa rai lallai sabon batir dal za a ba ku. Yawancin garanti sun ba kamfani zaɓi, ko ya canza rukunin da ya lalace, ko ya sa wanda aka sabunta, muddin ƙarfinsa bai gaza na da ba, kuma yawanci ragowar garantin farko ne yake ci gaba ba sabon shekara 8 ba. Jinkiri ma wani na gaske ne, batir babba kaya ne mai haɗari a dokar sufuri, galibi ta jirgin ruwa yake zuwa sannan ga kwastan. Amma wanda ya yi oda da gaske yana da lambar ƙorafi da takardar oda, ka ce a nuna maka. Kafin nan ka bar ta da caji wajen rabi, a inuwa, nesa da ɗakin kwana da buhunan shinkafa, kar ka bari ta sauka sifili, kuma kar a sake ɗaukar Mama a ciki zuwa nesa.

Baba Malam Ringim:

Yaro, duk abin da suka gaya maka ka yi, ni ƙari ɗaya zan yi. Kafin a kai ga hukuma a nemi wanda ya haɗa yayanka da dilan nan, don na san ba haka kawai ya shiga shago ya zube miliyoyi ba, akwai wanda ya kai shi. A ɗauke shi, a ɗauki dattijo ɗaya cikin shugabannin masu sayar da motoci na wajen, a zauna da mai shagon kansa ba yaransa ba. A addini ma wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da ya taho da shi yana da zaɓin mayarwa, malamai sun yi bayaninsa a babin ciniki, kuma ɗan kasuwar Kano ya san wannan sarai, ya kuma san abin da zubewar suna take jawowa a kasuwa. A zaman a tsayar da rana, a rubuta, shaidu su sa hannu: zuwa rana kaza ko batir ya iso, ko a ba ku wata motar ku riƙa amfani da ita, ko a dawo da kuɗi. Takardar da Hajiya Maman Yara ta ce ka rubuta ka kai ta tun kafin zaman, bidiyon kuma ka tura wa yayanka a wayarsa don shi zai yi magana ba kai ba. In kun sa ranar ka sanar da ni a nan, ina shiga Kano duk ranar Litinin, sai in biyo ku.